Kakana, Ɗan Dakon Bur Sudan

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran kakana, mahaifin Ummata, a ɗakinsa da ke unguwar Hindawiyya. Ya haura shekara casa'in, ko da yake shi kansa bai san adadinsu daidai ba. Aka yi masa sallah a Harami bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka jera kujeru a bakin titi kamar yadda ake zaman aza, wato zaman makoki, a nan Makka, kwana uku, daga magariba zuwa isha.

Kawu, babban ɗansa namiji, kujeru kaɗan ya sa aka kawo. A ganinsa tsohon da duk sa'o'insa suka riga shi, wa zai zo masa in ba dangi da maƙwabta ba? Tun ranar farko kujerun suka kasa. Masu sharar titi 'yan Bangaladash suka zo cikin kayan aikinsu, suka tsaya gefe suna jin nauyin zama. Yamalawa 'yan dako daga kasuwar kayan miya suka zo su wajen goma. A sama kuma, Umma ta ce mata 'yan talla sun cika falo har matattakala. Kawu ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Su waye waɗannan? A ina Baba ya san su?"

Ni na san wasu, domin ni nake yawo da shi a dabbab ɗina, ƙaramar motar da nake ɗaukar kaya da ita. Amma ko ni ban san sun kai haka ba.

Limamin unguwarmu, wanda ya shafe shekara talatin suna musu da Kaka, ya zo ya zauna. Da zai tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Yanzu wa zai tare ni a ƙofar masallaci ya ce mini na yi kuskure?" Hawaye na bin gemunsa.

A rana ta uku wani dattijo ɗan Sudan ya iso daga Jidda, da farar jallabiya da ƙaton rawani. Ya bi layinmu yana dafa kafaɗar kowa, har ya zo kan Kawu. Da Larabci ya tambaye shi ko shi ne babban ɗan mamaci, sannan ya faɗi nasa sunan. Sunan Kaka ne.

"Mahaifina ne ya sa mini," in ji shi. "A kurkukun Turawa a Bur Sudan mari ɗaya aka sa musu, ƙafar mahaifina da ƙafar mahaifinka. Mahaifina yana ɗingishi tun yana yaro. Ya ce duk watannin da suka yi a haɗe, mahaifinka bai taɓa fizgar sarƙar ba ko sau ɗaya. Tafiyarsa ya canja, ya koyi takun mahaifina. Har aka sake su yana ɗingishi shi ma, sai da ya yi makonni kafin ƙafarsa ta tuna tafiyarta."

Kawu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana roƙon Kaka ya daina tayar da zancen Sudan, ya koma kan kujera ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

A nan na ƙudurta zan rubuta abin da na sani. 'Ya'yanmu Larabci ya fi musu sauƙi. Sidi suke ce masa, wato kaka da Larabcin nan, kuma abin da suka sani kawai shi ne wani tsoho mai zama a ƙofar gida da rediyo a kunne. Na zaɓi Hausa domin da ita ya ba ni labarinsa.

A hanya aka haife shi. Mahaifinsa ya bar ƙasar Kano a ƙafa shi da matarsa da niyyar aikin hajji, suna tafe suna yada zango, a yi noma shekara ɗaya ko biyu a tara guzuri, a ƙara gaba. Wani wuri tsakanin Cadi da Sudan aka haifi Kaka. Mahaifiyarsa ta rasu a gonakin auduga, ba ta ga teku ba. Yana saurayi suka isa Bur Sudan shi da tsohon, nan ne bakin ruwan da ake hayewa zuwa Jidda. In yana ba da labari yakan ce "mina", wato tashar jiragen ruwa da Larabci, mu kuma muna yara sai mu ɗauka Minar alhazai yake nufi, mu yi ta mamakin yadda aka yi jirgin ruwa ya shiga tsakanin duwatsu.

"Turawan Ingila ne suka gina garin," yakan ce. "Ba don mutane suka gina shi ba, don jiragensu."

Ɓangarensu gidajen dutse ne da itatuwa da famfo. Sauran jama'a kuwa, Hadandawa 'yan asalin wurin da Yamalawa da mu da ake kira Takari, suna cikin bukkokin katako da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka daddale, ruwan sha ma saya suke yi a garwa. Kaka ya shiga dako a tasha. Dilar auduga, buhun ƙaro, ƙullin fata, duk a ƙeyarsa suka hau jirgi. Kantar da aikin ya bar masa a bayan wuya tana nan har ya mutu. Mai wankan gawa sai da ya tsaya ya shafa ta, ya dube ni.

Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kawo musu zancen ƙungiyar ƙwadago. A cikinsu akwai wani siririn akawu da yake tara 'yan dako bayan la'asar a inuwar wani mataccen tarago, yana koya musu karatu da gawayi, yana kuma gaya musu cewa ƙasar da ake kwashe audugarta tana da masu ita. Mutane suna kiran irinsu 'yan shuyu'iyya, 'yan gurguzu. A kan wannan ne suka yi ta musu da Liman. Na sha jin su a ƙofar masallaci kafin a tayar da sallah.

"Alhaji, mutanen nan da ka bi ai ba su yarda da Allah ba."

"Malam, wanda ya koya mini baƙaƙe a bayan tarago ban taɓa jin ya ce babu Allah ba. Abin da na ji ya ce shi ne buhun ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na duba na ga gaskiya ne."

"Samu da rashi duk rabo ne daga Ubangiji."

"Haka ne. Amma wanda ya auna buhun na san shi. Bature ne mai gajeren wando."

Sai a tayar da iƙama, Kaka ya tsaya a sahun farko daidai bayan Liman. Ban taɓa ganin ya rasa jam'i ba sai da ƙafafunsa suka gaza.

An ɗaure shi saboda yajin aiki, aka sake shi, ya koma tasha. Ranar da aka sauke tutar Turawa yana cikin taron. Ya ce ihun da ya yi ranar ya sa muryarsa ta dushe kwana uku. Bayan an natsu ya je wani ofishi neman takardar zama ɗan ƙasa. Akawun ya tambaye shi inda aka haifi kakansa. Ya ce Kano. Akawun ya ce to can ne ƙasarsa, ya koma can. Kaka bai taɓa ganin Kano ba, har ya koma ga Allah ma bai gan ta ba. Ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna tabon mari a idon sawunsa. Akawun ya leƙo, ya ce babu gurbin wannan a takarda.

Da dariya yake ba da wannan labarin, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Yakan ƙare da cewa, "Mun kori Bature, muka manta ba mu kori teburinsa ba."

Da sojoji suka karɓi mulki suka rushe ƙungiyar, aka shiga farautar shugabanninta. Kaka ya ɗauki matarsa da Umma tana goye, suka haye a kwalekwalen katako. A Makka ya sake komawa dako, amma wannan karon tsofaffin alhazai yake ɗauka. A wancan zamani mutum huɗu ke ɗora gadon katako a ka, su yi ɗawafi da wanda ba ya iya tafiya. Ya ce ranar farko wata tsohuwa 'yar Indonesiya ta yi ta sa masa albarka daga sama, shi kuma yana tafe yana kuka, domin tun da yake dako bai taɓa ɗaukar kayan da ya yi masa addu'a ba.

A nan bai yi siyasa ba. Ba wurinta ba ne, kuma Kawu ba ya gajiya da tuna masa.

"Baba, iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, sabunta ta ake yi. Don Allah ka rufa mana asiri."

Ya ji, ya kama bakinsa a waje. Amma halin bai bar shi ba. Ba ya wuce mai ɗaukar kaya ko mai shara bai tambayi sunansa da garinsu ba, kuma ba ya mantawa. In aka sauke buhun shinkafa a gida sai ya dafa shi ya ce, "Hannu nawa ka bi kafin ka iso mu?" Wata rana muna wucewa ta kasuwa ya buga mini gefen mota ya ce in tsaya. Ya sauka da sandarsa ya nufi wani Bayamale da ke cicciɓar buhun albasa, ya nuna masa yadda zai lanƙwasa gwiwa ya bar bayansa a miƙe. Mutumin ya yi tsammanin tsohon ya ruɗe ne. Bayan shekara biyu shi ne ya aiko mana da kwalin tumatir, ya ce a gaya wa Hajji bayansa ya daina ciwo.

Faɗan da ya fi girma a gidanmu tsakaninsa da Kawu aka yi shi. Kawu yana da sito a Aziziyya inda ake ƙulla dabino da carbi da darduma na tsarabar alhazai. Lokacin hajji yakan ɗauki mata Hausawa, irin waɗanda suka zo ibada suka zauna ba takarda, su yini suna aiki. Wata rana na bi da Kaka ta wurin da azahar. Ya tarar da matan a matattakala, a tsaye, suna cin gurasa da sauri cikin zafin da ko numfashi da ƙyar ake yi, Kawu kuma yana ofis cikin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Muka juya gida. Washegari ya ce, "Direba, kai ni Aziziyya." Haka yake kirana.

Ya haura tamanin a lokacin. Ya samu matakala ta uku ya zauna, ya buɗe gurasarsa. Matan suka rasa inda za su sa kansu. Kawu ya fito da sauri.

"Baba, tashi mu shiga ciki, akwai sanyi."

"Nan ma'aikata suke ci. Ni ma ma'aikaci ne."

Ya koma washegari, ya sake komawa. A gida ma ya daina taɓa abincin da aka sayo da kuɗin sito, sai gurasa da shayi. Rana ta huɗu maƙwabtan shago suka fara leƙowa suna tambayar ko lafiya tsohon yake zaune a rana. Ran Kawu ya ɓaci ƙwarai.

"So kake ka tozarta ni a kasuwa? Matan nan ko iƙama ba su da ita. Taimakonsu nake yi, wani ko kallonsu ba zai yi ba."

"Na sani," in ji Kaka. "Mu ma haka aka ce mana, ku baƙi ne, ku gode. Wanda ba shi da inda zai kai ƙara, shi ya fi kamata ka ji tsoron Allah a kansa."

Rana ta biyar Kawu ya sa aka kwashe kaya daga ɗaki guda, aka shimfiɗa kafet, aka sa mukayyif, aka ba su hutun awa ɗaya bayan azahar. Amma wata biyu uba da ɗa ba su yi wa juna magana ba sai gaisuwa. Umma ce ta yi ta zirga-zirga har suka shirya. Ɗakin yana nan har yau.

Da yaƙin nan ya ɓarke a Sudan, wani mutum da matarsa da 'ya'yansu mata uku da suka zo umara suka maƙale, ba gidan komawa. Kaka ya ji labarinsu a masallaci, ya aike ni Rusaifa na kwaso su. Ya ba su ɗakinsa, ya mayar da katifarsa lungun falo. Umma ba ta hana ba, amma ta kasa yin shiru.

"Baba, mutanen da suka ce maka ka koma Kano?"

"Mutum ɗaya ne ya ce, shi ma yana bayan tebur. Waɗanda suka raba ruwansu da ni a kurkuku su ma 'yan Sudan ne, kuma sun fi shi yawa."

Wata bakwai suka yi a gidanmu. Wannan karon Kawu bai yi zancen iƙama ba. Shi ya riƙa aiko da shinkafa da mai.

Akwai abu ɗaya da bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ba, ni ma sau ɗaya ya gaya mini. Bara kafin azumi ya ce yana son ganin teku. Na ari motar Kawu muka tafi Jidda da sassafe. Na samu wurin da ake hango tashar jiragen ruwa daga nesa, na shimfiɗa masa darduma. Ya daɗe yana kallon manyan ƙugiyoyi suna ɗaga akwatunan ƙarfe.

"Ina mutanen?"

"Injina ne yanzu, Kaka."

"Akwai mutum a ciki. Ba ka dai ganinsa ne."

Sai ya juya ya nuna yamma da sandarsa, inda ba a ganin komai sai ruwa. Ya ce can ƙetare mahaifinsa yake kwance.

Ya ce lokacin babban yajin aikin, tasha ta tsaya cik, jirage suka yi layi a ruwa, auduga ta taru. Hadandawa da Yamalawa da ma'aikatan jirgin ƙasa duk sun ajiye aiki. Sai wakilin wani kamfanin jirage ya zo unguwar Takari. Ya ce ku ba 'yan ƙasar nan ba ne, alhazai ne, wannan rigima ba taku ba ce. Duk wanda ya shiga tasha ya yi aikin mako ɗaya, za a ba shi takarda da gurbi a jirgi zuwa Jidda, shi da iyayensa.

Mahaifin Kaka a lokacin ya tsufa, idonsa ya fara rufewa. Ya fi shekara ashirin a hanya, ya binne matarsa a hanyar, kullum da yamma sai a kai shi bakin ruwa ya zauna yana fuskantar gabas. Ba zai iya ɗaukar ko garwar ruwa ba. In za a yi aikin, Kaka ne zai yi.

"Ya kira ni ya ce, ban taɓa roƙonka komai ba. Mako ɗaya nake roƙonka."

Kaka ya ce ya durƙusa ya gaya masa ba zai iya ba. Waɗanda suke waje suna jin yunwa da su ya ci abinci, da su ya koyi karatu, a cikinsu akwai waɗanda suka ciro shi ranar da dila ta danne shi. In Takari suka shiga, yajin ya mutu, kuma har abada za a ce su ne suka kashe shi. Bai tsaya nan ba. Bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallacin Takari, saurayi ɗan shekara ashirin a gaban dattawa, ya roƙe su kada su haye zuwa ɗakin Allah ta kan bayan 'yan'uwansu. Wasu suka zage shi. Kaɗan suka shiga tasha washegari, amma mafi yawa suka zauna a gida.

"Mahaifina yana cikin masallacin, ya ji duk abin da na faɗa. Da ya fito ya lalubi butarsa, ya kama hannun wani ya kai shi gida. Ba hannuna ya kama ba."

Kwana biyu bayan nan aka kama Kaka. Yajin ya yi nasara, aka rage nauyin kaya, aka kawo ruwan sha bakin tasha, aka ba su hutun azahar. Yana kurkuku tsohon ya rasu. Bai yi masa wanka ba, bai yi masa sallah ba. Da aka sake shi wani ya nuna masa kabarin.

"Da na iso Makka na yi hajjina. Shekara ta zagayo na yi nasa. Malamai sun ce ya isar masa. Amma shi da ƙafarsa ya so ya zo."

Can na tambaye shi abin da har yanzu ban san ko ya dace in tambaya ba.

"Kaka, da za a mayar da kai ranar, me za ka yi?"

Ya mayar da idonsa kan ruwa. Iska tana kaɗa gefen rigarsa.

"Abin da na yi shi zan sake yi," in ji shi. "Da na yi nadama da ya fi mini sauƙi, Direba. Sai in tuba, a wuce wurin. Amma ba a tuba daga abin da za a sake. Shekara saba'in ke nan ina neman yafiyarsa a kan abin da ban iya cewa kuskure ne ba."

Ya miƙo mini hannu na ɗaga shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A hanyar dawowa, da muka hango duwatsun Makka ya ce in rage gudu, yana so ya gan su sosai.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa mutum biyu a addu'a, wanda muka binne a Makka da wanda ya tsaya a bakin ruwa. Allah ya jiƙansu, ya yafe musu, ya haɗa su a inda uban zai kama hannun ɗansa.